Natsuwar Uwa Ita Ce Zaman Lafiyar Gida: Darasi Daga Bakin Tafkin Kainji

Duk wanda ya taɓa kwana a Warra ko Yelwa, ko ɗaya daga cikin ƙauyukan Ngaski da Shanga da ke bakin ruwa, ya san cewa ranar mace a wannan yanki tana farawa ne tun kafin ta kowa. Ladan bai gama kiran farko ba ta riga ta hura wuta. Kafin rana ta ɗaga masunta sun fara dawowa da kamun dare, ga tarwaɗa da karfasa suna jiran a gyara su a ɗora a banda kafin su lalace, ga warangi da za a shanya, ga ɗiban ruwa, ga 'yan makaranta da za a shirya, ga na goye yana tsala kuka. Ba a kai hantsi ba sai ka ji muryarta har maƙwabta, tana yi wa wannan tsawa, tana kai wa wancan ranƙwashi. Da dare kuwa, idan ta dubi yaron da ta daka yana barci da busasshen hawaye a kumatu, sai jikinta ya yi sanyi, ta ce gobe ba za ta sake ba. Gobe ta yi, a koma gidan jiya.

Uwargida, idan kin ga kanki a wannan hoto, ki sani ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ƙin 'ya'ya ne ya jawo haka ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne natsuwa. Ita kuwa natsuwa ba kayan masu hutu ba ce da sai mai 'yar aiki da injin wanki za ta mallaka. Ɗabi'a ce da ake koya, kuma mafi yawan kayan koyon ta suna nan a cikin yinin kowace uwa Musulma, sai dai ba mu cika lura da su ba.

Ƙasar da ta ga jarrabawa

Kafin mu ɗora wa matan wannan yanki laifin saurin fushi, ya kamata mu tuna abin da zukatansu ke ɗauke da shi. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Da ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, sai ya cinye gungu da gonaki da garuruwa, har da tsohon garin Busa, aka tayar da mutum wajen 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Da yawa daga cikin kakannin da ke zaune a gidajenmu yau suna 'yan mata ƙanana aka yi wannan ƙaura, sun ga yadda iyayensu mata suka bar murhunsu da kaburburan magabatansu a ƙarƙashin ruwa.

Sai kuma shekarar 2021, wadda ba za a manta da ita ba a masarautar Yawuri. Ranar 26 ga Mayu wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150, cikinsu har da mata da ƙananan yara masu yawa, ya nutse tsakanin gaɓar jihar Neja da Warra, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ba a gama karɓar gaisuwa ba, ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da wasu malamai. 'Yan matan ƙarshe daga cikinsu sai a 2023 suka dawo hannun iyayensu, bayan kusan shekara biyu.

Irin wannan abu ba ya wucewa don gidajen rediyo sun daina maganarsa. Yana zaune a ƙirjin uwa duk ranar da maigida ya shiga jirgi, ko yaro ya makara daga makaranta. Tsoron da ba a furta ba kuwa yakan sake kama ya fito a matsayin faɗa. Sau da yawa uwar da ta rufe ɗanta da duka don ya je bakin ruwa ba fushi ne ke cin ta ba, firgita ce. Sai dai shi yaron bai san haka ba, abin da ya gani kawai shi ne bulala.

Mece ce natsuwa?

Mutanen bakin Kogin Kwara sun san cewa ruwa iri biyu ne ke cika tafkin nan a shekara. Na farko shi ne na damina, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, wanda ke gangarowa daga kusa da gaggawa, cike da laka, har masana ke kiran sa farar ambaliya saboda launinsa. Na biyu kuwa yana isowa ne da sanyi, daga ƙarshen shekara zuwa wajen Fabrairu. Wannan ruwa ne da ya sauka tun a duwatsun ƙasar Gini, ya bazu a fadamun ƙasar Mali ya yi watanni yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana garau. Kogi ɗaya ne, bambancin kawai shi ne ɗaya ya sami wurin tsayawa, ɗaya bai samu ba.

Haka maganar da ke fita daga bakin uwa take. Wadda ta fito nan take, ba ta tsaya ko'ina ba, da lakarta take zuwa. Natsuwa ita ce ki sama wa zuciyarki ɗan wurin tsayawa tsakanin abin da ya faru da abin da za ki yi. Ita ce hankalinki ya kasance a inda jikinki yake, ki san abin da kike ji a lokacin da kike jin sa, ba sai bayan kin yi ɓarna ba.

A nan sai an bambance ta da haɗiye baƙin ciki. An tarbiyyantar da mu a kan haƙuri da kawaici, kuma dukansu ado ne ga mace. Amma macen da ke danne ɓacin ran miji da na kishiya da na dangin miji tun safe, ba tare da ta ko yarda cewa ranta ya ɓaci ba, to da yamma a kan wanda ba shi da ƙarfi za ta sauke, wato ɗanta. Mai natsuwa ita ce wadda za ta ce a ranta, "Lallai raina ya ɓaci, kuma ba yaron nan ne ya ɓata shi ba."

Likitocin zamani sun daɗe da gane amfanin wannan. A 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Masachusets ta Amurka, inda ake koya wa masu fama da ciwo da damuwa yadda za su tattara hankalinsu a kan numfashinsu da abin da ke gabansu. Yau ana koyar da irin wannan a ƙasashe da dama. Mu kuwa an wajabta mana makarantarta sau biyar a yini. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya yi salla da gaggawa a masallaci, Manzon Allah (S.A.W.) ya mayar da shi har sau uku ya sake, sannan ya koya masa cewa sai ya natsu a ruku'u, ya natsu a sujada, ya natsu a zama. Ke nan natsuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, rukuni ce.

Labarin zuciya a tambayi fuska

Wata za ta ce ai yaro bai san komai ba. To ya sani. A 1975 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, da abokan aikinsa suka bayyana wani gwaji da suka yi. Aka sa uwa ta yi wa jaririnta wasa kamar yadda ta saba, sannan ta ɗaure fuska na 'yan mintoci, ba murmushi ba magana. Nan da nan jaririn ya lura. Ya yi mata murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara don ya dawo da ita, da abin ya ci tura sai ya kawar da kai ya fashe da kuka. Wannan jariri ne da bai iya ko zama ba. Ina ga ɗan shekara biyar da ke yini yana duban fuskar uwarsa don ya san ko yau gidan lafiya?

Amma a cikin binciken nan akwai albishir. Da uwar ta saki fuska ta koma yi masa wasa, jaririn ya huce. Tronick ya kuma nuna cewa ko tsakanin uwa da ɗa masu ƙoshin lafiya, lokacin da suke daidaita da juna bai wuce kamar kashi ɗaya cikin uku ba, sauran duk saɓani ne da gyara. Ke nan ba a neman uwar da ba ta taɓa ɗaga murya ba, domin babu ita. Ana neman wadda idan ta ɓata za ta dawo ta gyara.

Ya kamata masu riƙe da al'adar kunyar ɗan fari su yi tunani a nan. Babu laifi ki ƙi kiran sunansa a gaban surukai, amma kada kunya ta hana shi ganin murmushinki idan kun keɓe. Annabi (S.A.W.) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma ya tabbata yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa.

Ƙananan ɗabi'u daga asuba zuwa dare

Ki fara da asuba. Bayan kin sallame, kada ki zabura zuwa murhu. Ki zauna a kan dardumarki ko da minti biyar ne, ki yi azkar ɗinki kina jin abin da kike faɗa. Sannan ki tambayi kanki tambaya ɗaya: yau da me na tashi? Gajiya ce, ko tunanin bashi, ko maganar da aka faɗa mini jiya? Wadda ta san kayan da ta ɗauko ba za ta jibge shi a kan yaro ba da saninta.

Sai alwala. Yawancinmu muna yin ta hankalinmu na kan tukunya. Ki gwada yin ta a hankali, ki ji sanyin ruwan a tafin hannu da fuska da ƙafa. Minti biyu ne kacal, amma sau biyar a yini ke nan kina sauke kaya kafin ki sake ɗauka. Sallar ma kada ta zama tsakanin juya tuwo da kwashewa. Ki sauke tukunyar, ko ki rage wuta, ki ba kowace sujada haƙƙinta.

Abu na uku, ki zaɓi aiki ɗaya a yini wanda za ki yi shi shi kaɗai. Ko tsintar shinkafa ce, ko yankan albasa, ko jera kifi a banda, ko shafa wa jariri mai. Hannunki na aiki, hankalinki na tare da shi, harshenki na istigfari ko salati. Zuciya za ta gudu zuwa kasuwa, ta gudu ɗakin kishiya, ta gudu bikin da ba ki da kuɗin ankonsa. Duk sanda kika lura ta tafi, ki dawo da ita ba tare da kin zargi kanki ba. Wannan dawowar ita ce horon, kamar yadda ake juyo da akuya duk sanda ta nufi shanya.

Na huɗu shi ne waya. Tun bayan abubuwan da suka faru, saƙonnin murya na WhatsApp sun zama abokan kwanan mata da yawa: an ce an ga 'yan bindiga a wuri kaza, an ce jirgi ya kife, wani gaskiya, wani tsohon labari ne aka sake yaɗawa. Sanin halin tsaro wajibi ne, amma ki ware masa lokaci, ki kuma san daga wurin wa kike karɓa. Kada ki saurari irin waɗannan saƙonni a gaban yara, kada kuma su zama abu na ƙarshe da kunnenki zai ji kafin barci.

Na biyar, ki mayar da tsoro shiri. Damuwar da ba ta haifar da aiki ba cin rai kawai take yi. Ku zauna da maigida ku kafa dokar gida a kan ruwa: ƙaramin yaro ba ya zuwa gaɓa sai da babba, ba a shiga jirgin da aka yi wa lodin da ya wuce kima ko da za a rasa cin kasuwa, ba a tafiyar dare ko cikin hadari, a kuma sa rigar kariya a duk inda aka same ta. Ki bayyana wa yara dalili da murya mai sanyi tun kafin su yi laifi. Idan kin yi iyakar naki, sai ki miƙa sauran ga Allah da zuciya ɗaya.

Idan fushi ya taso

Fushi yana aiko da manzanni kafin ya iso: ƙirji ya yi zafi, numfashi ya gajarta, haƙora su cije. Da kin ji haka, sunna ta riga ta ba ki matakai. An koya mana neman tsarin Allah daga Shaiɗan, an koya mana yin shiru, an koya mana cewa wanda ke tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta, an kuma ruwaito yin alwala. Ki ƙara da jan numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, sau biyar ko shida. Likitoci sun tabbatar cewa tsawaita fitar da numfashi yana rage bugun zuciya. Idan jariri ne ya ishe ki da kuka, ki kwantar da shi a wuri mai aminci ki fita tsakar gida na ɗan lokaci, ko ki miƙa shi ga wata. Kada ki taɓa girgiza shi da ƙarfi, domin hakan na iya lalata ƙwaƙwalwarsa, har ya kai ga rasa rai.

Babban abin tsoro a lokacin fushi shi ne baki. Magana zarar bunu ce. Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya hana mu yi wa kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu mummunar addu'a, kada ta dace da sa'ar karɓa. Uwar da ke zaune a bakin ruwa, yaya za ta ji idan ta ce wa ɗanta "ruwa ya ci ka" da safe, da yamma aka shiga neman sa? Ki saba wa harshenki da "Allah Ya shirye ka" tun kina cikin daɗin rai, don ita ce za ta riga fita ranar da rai ya ɓaci.

Hukumar UNICEF ta bayyana a 2024 cewa yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya, wato wajen miliyan 400, suna shan tsawa mai muni ko duka a gidajensu a kai a kai. Yawan masu yin abu ba ya mayar da shi daidai. Anas bin Malik (R.A.) ya yi wa Annabi (S.A.W.) hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da shaidar cewa bai taɓa ko yi masa tsaki ba. Wannan ba ya nufin a bar yaro ya yi abin da ya ga dama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma hannu mai natsuwa ne ke tanƙwarawa, mai fushi karyawa yake yi. Ki hukunta bayan kin huce, ki faɗa masa laifinsa, hukuncin kuma ya yi daidai da laifin.

Idan kuwa an riga an yi aika-aika, ki kira shi bayan kin sauko, ki zaunar da shi kusa da ke, ki ce, "Abin da ka yi ba daidai ba ne, amma ni ma faɗan da na yi ya yi yawa. Na ji tsoro ne kada wani abu ya same ka." Girmanki ba zai ragu ba. Kin ma koya masa yadda ake gyara ɓaraka, darasin da zai yi masa amfani ranar da ya ajiye nasa iyali.

Tsakanin magariba da barci

Bayan magariba, lokacin da sunna ta so yara su kasance a cikin gida, ki ba su ko da rubu'in awa da kunnenki da idonki. Ki ajiye waya, ki tambayi kowa yadda ya yini, ki bar shi ya kai ƙarshen zancensa ko da shirme ne. Idan akwai kaka a gidan, a bar ta ta yi musu tatsuniya ko ta ba su labarin tsohon garinsu. Yaron da ya saba faɗa miki ƙananan abubuwa shi ne zai faɗa miki manya ranar da wani ya tsorata shi ko ya nemi lalata shi.

Idan kin zo kwanciya, ki tuna Nana Faɗimatu (R.A.). Niƙa ya yi wa hannunta kanta, ta je neman mai taya ta aiki, sai mahaifinta (S.A.W.) ya koya mata ita da Sayyidina Aliyu tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 a lokacin kwanciya, ya kuma sanar da su cewa wannan ya fi musu mai hidima. Ki yi su a hankali kina ƙirgawa da gaɓoɓin yatsu, ki bar aikin gobe ya jira gobe.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Duk wannan ba zai ɗore ba idan aka bar uwa ita kaɗai. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga wa iyayensu: kafin sallar asuba, da tsakar rana, da bayan isha'i. Ke nan hutun tsakar rana ba ganda ba ce. Maigida ya taimaka wajen tabbatar da shi, ya kuma sani cewa idan ya shigo da tsawa, tsawar za ta gangara daga uwa zuwa babban ɗa, daga shi zuwa ƙanensa. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ko maƙwabta da ke shiri, ana iya yin karɓa-karɓar duba yara, yau wannan ta rintsa, gobe waccan.

Wani lokaci kuma abin yakan wuce gajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar tana fuskantar matsalar damuwa a lokacin goyon ciki ko a shekarar da ta haihu. Idan kin yi mako biyu ko fiye kina cikin ƙunci, ba barci, ba sha'awar abinci, kuka ba dalili, ko kina ganin abin da ya faru yana dawo miki kamar yanzu ake yi, ko kina tunanin cutar da kanki ko jaririnki, to wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ba raunin imani ba ne. Ki ci gaba da addu'a, ki kuma faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a wurin awo ko babban asibiti mafi kusa. Idan ya kama, za su tura ki wurin ƙwararru, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Ana warkewa. Wani bincike da aka wallafa a 2008 a kan matan karkara Musulmi a yankin Rawalpindi na Pakistan ya nuna cewa ziyara da tattaunawa da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye, waɗanda aka horar, sun rage wannan ciwo ƙwarai a tsakanin masu jego.

'Yar'uwa, kada ki ce za ki ɗauki duk abin da aka lissafa a rana ɗaya. Ki zaɓi guda, ko zaman minti biyar bayan asuba, ko yin shiru idan rai ya ɓaci, ki riƙe shi har wata ya zagayo, sannan ki ƙara wani. Sannu ba ta hana zuwa. Yaranki ba za su tuna yawan tukwanen da kika wanke ba, amma za su tuna ko idan duniya ta tsorata su suna iya gudowa wurinki. Allah Ya sanyaya zukatanmu, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya shirya mana zuriya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.